Tambayoyi da Amsoshi: Nazarin Arziki da Mulki ta Hanyar Kwatanta Tarihin Wurare

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan ajin ƙarshe na sakandare, da malaman firamare masu ƙaro karatu, da wasu dattawan manoma, a zaman tattaunawar tarihi da muke yi a ƙasar Gumel bayan an kawar da amfanin gona. Na tara su wuri ɗaya, na amsa gwargwadon hali.

Malam, wai wane irin karatu ne wannan?

Hanya ce ta binciko dalili. Kowa na iya cewa ƙasa kaza ta yi arziki saboda kaza, amma da me za a tabbatar? Ba wanda zai iya mayar da Kano shekarar 1903 ya hana Turawa shigowa don ya ga yadda za ta kasance. Abin da ya rage shi ne a nemo wurare biyu da suka yi kama a kusan komai amma suka rabu a abu ɗaya, a bi sawunsu shekara da shekaru a ga inda kowanne ya dosa. Ko kuma a ɗauko wurare biyu da ba su haɗa komai ba amma suka faɗa rami ɗaya, a nemi abin da suka yi tarayya a kai.

Manomi ya riga ya san dabarar. In yana son ya gane wane irin gero ne ya fi, ba ya shuka ɗaya a jigawa ɗaya a fadama. Kunya kusa da kunya yake sa su, taki ɗaya, ruwa ɗaya, sannan ya jira kaka.

Ba ilimin Turawa ba ne kawai?

A'a. Ibnu Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, inda ya jera daulolin Larabawa da Barbar da Farisa yana neman abin da ke tayar da su da abin da ke kayar da su. Cikin abin da ya lura da shi, daula a farkonta takan aza haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta kuwa takan aza da yawa ta tara kaɗan, domin manomi da ɗan kasuwa sun karaya. Jami'o'in zamani sun ƙara lissafi da ƙididdiga a kai. A 2024 an ba Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson kyautar Nobel ta tattalin arziki a kan irin wannan aiki: yadda tsarin mulkin da 'yan mulkin mallaka suka kafa a wurare dabam-dabam ke bin ƙasashe har yau. Akwai masana da yawa da ke jayayya da su, kuma jayayyar ma wani ɓangare ne na karatun.

Kullum misalin Koriya ta Kudu da ta Arewa muke ji. Babu na kusa da gida?

Akwai, kuma ni a ganina ya fi na Koriya amfani gare mu, domin kana iya zuwa ka gani da idonka. Je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai raƙumi daga wajen Dungas ko Magarya da dillalin da ya fito daga Gumel harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, gero ɗaya suke shukawa, wataƙila ma akwai auratayya a tsakaninsu. Kafin zuwan Turawa, Gumel da Damagaram duk Barno suke kai wa gaisuwa. Sai yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi a tsakani.

Daga nan hanya ta rabu. Ingilishi sun ci sarakuna da yaƙi, har Sarkin Haɗeja Muhammadu ya yi shahada a 1906, amma ba su rushe sarauta ba. Suka bar wa sarki kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari da Baitulmali, aka kira tsarin En'e. Faransawa kuwa a shekarar nan ta 1906 suka tuɓe Sarkin Damagaram suka fitar da shi daga ƙasar, sarautar ba ta dawo daidai ba sai 1923, kuma a 1926 suka ɗauke hedkwata daga Damagaram suka kai Yamai. Sarki a wajensu ma'aikaci ne a ƙarƙashin kwamanda, aikinsa tara haraji da kamo mutane don aikin tilas da soja. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai 1946, shi ya sa a garuruwan bakin iyaka za ka tarar da gidajen da kakanninsu suka tsallako daga can don gudun wannan azaba.

Yanzu tambayoyin da mai nazari zai yi: me ya sa sarauta ta fi ƙarfi da dukiya a wannan ɓangare? Me ya sa fataucin ya fi karkata Kano? Amma a yi hattara. Najeriya tana da teku da jirgin ƙasa da ɗimbin jama'a, Nijar ba ta da su, man fetur ma sai a 2011 ta fara haƙowa. Kuɗin sefa yana ɗaure da na Faransa, daga baya da yuro, an karya darajarsa da rabi a 1994. Naira kuwa tana da nata tarihin. Don haka in ka ga bambanci tsakanin ƙauyuka biyu, ba duka ne za ka ɗora wa Ingilishi da Faransawa ba. Warware waɗannan zare ɗaya bayan ɗaya shi ne ainihin aikin.

Me labarin gyaɗa ke koya mana? Iyayenmu kullum cikin begen dalar gyaɗa suke.

Abu na farko da yake koyarwa shi ne manomin karkara ba gunki ba ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, auduga Turawa ke jira don masaƙun Ingila. Manoma suka juya ga gyaɗa. Dalilansu a fili suke: masaƙan gida suna biyan auduga fiye da farashin Bature, gyaɗa kuwa tana shiga cikin gero a gona ɗaya, ƙasar jigawa tana karɓarta, harawarta abincin dabbobi ce, in fari ya zo kuma ana iya cin ta. Ga haraji da sai an biya da tsabar kuɗin Bature. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna da jari da yara da masaukai a ƙauyuka tun da daɗewa, sai suka koma sayen gyaɗa. Cikinsu Alhassan Ɗantata ya fi shahara.

Ga kuma wani kwatance da ke gabanmu. A 1930 layin dogo ya kai Nguru, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, bai bi ta Haɗeja ko Gumel ba. Malam Madori ta zama garin kantuna da sikeli da baƙi. Har yau akwai Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Ɗalibin da zai ɗauki gari ɗaya na bakin dogo da wani mai kama da shi da jirgi ya kauce wa, ya bi su daga 1930 har zuwa lokacin da manyan motoci suka ƙwace wa jirgi kaya, ya samu aikin digiri sukutum.

Abu na biyu shi ne wa ya ci ribar. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanka farashi, daga 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Takan biya manomi ƙasa da farashin duniya, a ce ana ajiye rarar ne don ranar da kasuwa za ta faɗi. Rarar ta zama babbar hanyar kuɗin gwamnati, da ita aka sa hannu a ayyuka irin masaƙar Kaduna ta 1957. Ba a ce ba a yi aiki ba. Amma nawa ne ya dawo ƙauyen da aka nome ta? Manomi ya ba da amsarsa da ƙafa: in farashin Nijar ya fi, cikin dare jakuna ke tsallakawa da buhuna.

A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar gyaɗa ta ɓace. Sanigal ma ta sha farin nan, amma gyaɗa ba ta mutu a can ba, domin gwamnatinsu ba ta da wata saniyar tatsa. Tamu ta samu fetur, sai ta daina damuwa. An rushe hukumomin cinikin a 1986.

To ashe fetur ne ya kashe noma?

Nan ne kwatance ke hana mutum saurin yanke hukunci. Dubi Indunusiya. Ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙabilu, mafi yawansu Musulmi, soja suka karɓe ta a tsakiyar shekarun 1960 kamar mu, kuɗin fetur ya kwararo mata bayan 1973 kamar mu, kuma cin hanci a zamanin Suharto ba ƙarami ba ne. Amma ta zuba kaso mai tsoka a karkara: takin zamani mai rahusa, gyaran hanyoyin ban ruwa, farashin shinkafa da gwamnati ta tsaya a kai kada ya faɗi ƙasa da shi, da makarantun firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978. Ta karya darajar kuɗinta a 1978 da 1983 da 1986 don kayan gida su iya gogayya da na waje. Ƙasar da ta fi kowa shigo da shinkafa a shekarun 1970, ta kai ga ciyar da kanta a 1984.

Mu ma mun yi shirye-shirye: na ciyar da ƙasa a 1976, ilimin firamare kyauta a shekarar, juyin noma na Shagari a 1980. Sai dai an bar naira ta fi dala tsada, shinkafa da alkamar waje suka fi na gida araha, ƙarin albashin ma'aikata na Udoji na 1974 da gine-ginen birni suka janye majiya ƙarfi daga gona. Dattawa kan yi tinƙaho da lokacin da naira ta fi dala. Ga ma'aikaci da mai shigo da kaya zamanin daɗi ne. Ga mai noman gyaɗa a Garki ko Ɓaɓura, wannan tsadar ce ta sa amfaninsa ya rasa kasuwa a waje.

Sai a ƙara da adalci: tsibirin Jaba na Indunusiya ƙasa ce mai albarka da ruwa, kuma sababbin irin shinkafa na lokacin sun dace da ita. Gero da dawa ba su samu irin wannan gata daga masu bincike ba. Saboda haka fetur shi kaɗai bai isa hujja ba, manufar gwamnati ita kaɗai ma ba ta gama bayani ba. Abin tambaya shi ne me ya sa masu mulkin Indunusiya suka ji tsoron yunwar ƙauye, namu ba su ji ba.

Gaskiya ne daga Najeriya Malesiya ta ɗauki irin kwakwar manja?

Labarin ya yi daɗin faɗa, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Itacen asalinsa na Afirka ta Yamma ne, wannan haka yake. Sai dai tun 1848 Holandawa suka dasa shi a lambun Bogor da ke Jaba, kuma an fara nomansa don kasuwa a Malaya a 1917, tun kafin a yi ƙasar da ake kira Malesiya. Abin da ya kamata a bincika shi ne hukumar raba gonaki ga talakawa da suka kafa a 1956, da kuɗin da suka daɗe suna zubawa a binciken iri.

Wasu na cewa addini ko al'adarmu ce ke ja da mu baya.

A gwada maganar da ma'aunin nan. In addini ne, me za a ce da Malesiya da Indunusiya? In al'ada ce, Koriya biyu al'adarsu ɗaya har 1945. Kuma ƙasar Kanon nan, da addininta da al'adarta, ita ce Heinrich Barth ya tarar a 1851 ya ƙiyasta tufafin da take fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300, suna isa Timbuktu da Tarabulus. Yawancin aikin ba a birni ake yi ba. Mata a ƙauye ke gurzar auduga su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, marina irin na Kura su rina, mabuga su buga turkuɗi har ya yi ƙyalli don Buzaye. Ba za a ɓoye cewa akwai gumin bayi a gandayen sarakuna irin na Fanisau a cikin wannan arziki ba; ba a haramta bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Tazarar boko kuwa tana da tarihi da za a iya ƙirgawa. Sakandaren mishan ta farko a Legas 1859 aka buɗe ta. Makarantar Ɗan Hausa (Baturen nan Hanns Vischer) a Nassarawa ta Kano sai 1909, ita ma 'ya'yan sarakuna da malamai aka fi nufa da ita. Shekara 50 ke nan, kuma gwamnatin mallaka ba ta yi gaggawar cike giɓin ba. Al'ada tana da tasiri, ban musa ba, musamman a karatun 'ya'ya mata. Amma wanda ya fara da ita ya rufe da ita, bai bincika komai ba.

Ina siyasa ta shigo? Mun fi jin maganar kuɗi.

Ta ƙofar haraji. Kafin Turawa, hakimai a birnin Kano suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ne ke zuwa karɓar kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi. Turawa suka yanka gundumomi suka tura kowane hakimi ya zauna a tasa, dagaci da mai unguwa suka zama masu rajistar kawuna. Talaka ya wayi gari hukuma na ƙofar gidansa. Tambayi duk wanda ya haura saba'in abin da ake yi wa wanda ya kasa biya. Daga wannan ƙunci jam'iyyar NEPU ta samu magoya baya bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma da PRP ta ci Jihar Kano a 1979, lokacin Jigawa na cikinta, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

Masu nazarin Turai suna da wata magana: sarakunan can sun buƙaci kuɗin yaƙi, masu dukiya suka ce ba za su biya ba sai an ba su bakin magana, har a Ingila aka kafa doka a 1689 cewa sarki ba zai aza haraji ba sai da yardar majalisa. Daga nan wasu ke cewa gwamnatin da ba ta dogara da aljihun jama'a ba, ba ta jin maganarsu. Dubi ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa, kusan duk idonsu na kan kason wata-wata daga Abuja.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tarihinmu ya yi mata gyara. Kakanninmu sun biya haraji shekara saba'in, ba su samu majalisa da shi ba, bulala suka samu. Biya kaɗai ba ya haifar da haƙƙi, sai mai biya yana da ƙungiya da ƙarfin da zai iya cewa a'a. Wannan gyara daga ƙauyukanmu ya fito, kuma irin sa ne masu nazari daga nan za su iya kai wa fannin.

Za a iya kwatanta wurare biyu a cikin kogi ɗaya?

Ƙwarai. An gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, na Challawa a 1992, dukansu a kan ruwan da ke gangarawa kogin Haɗeja. A sama, Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suka samu ruwan rani, shinkafa da tumatir da alkama suka canza rayuwar garuruwan. A ƙasa, fadamun Haɗeja zuwa Nguru sun dogara ne da ambaliyar damina da janyewarta: masunta, masu shinkafar fadama, makiyaya. Da aka sauya tafiyar ruwan, ambaliyar ta ragu a wasu wurare, a wasu kuma ruwa ya daina ƙafewa, kacala ta toshe hanyoyinsa a wajen Guri da Kirikasamma. Aiki ɗaya, sakamako biyu. Tun 1991 kuma dam ɗin na jiha ɗaya, masu kuka na wata, abin da ya ƙara wa lamarin siyasa.

Wane kuskure masu farawa suka fi yi?

Zaɓen waɗanda suka ci nasara kaɗai. Mutum ya dubi Koriya ta Kudu da Singafo ya ce mulkin ƙarfi ne sirrin, ya manta da Mobutu da Idi Amin. Sai kuma gaskata lamba don kawai an buga ta. Rajistar haraji ba ƙidayar jama'a ba ce: magidanta sun ɓoye samari, Fulani sun kaɗa shanu daji kafin malamin jangali ya iso. Ƙidayar 1973 ma soke ta aka yi. Sannan akwai begen da: tsoho yakan tuna arahar tiya, ya manta yunwar 1914 da ta 1927 da iyayensa suka ba shi labari.

Ni ɗalibi ne a ƙauye, ba ni da kuɗin tafiya. Ta ina zan fara?

Zaɓi garinku da wani na kusa da kuka yi kama amma kuka rabu a abu ɗaya: ɗaya ya samu kwalta ko kasuwa ko famfon ban ruwa ko firamare da wuri, ɗayan bai samu ba. Rubuta tambaya ɗaya tak. Sannan ka fara da gaisuwa wurin dagaci da liman, don kada a ɗauke ka ɗan leƙen asirin masu rabon tallafi.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, don haka ka tanadi alamomi: zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, komawa tuƙin hannun dama 1972, shigowar naira 1973, canjin kuɗi na 1984. Ka ce, "Baba, lokacin da aka haƙa rijiyar nan, an fara kashe naira ko ana kan sule da fam?" Kada ka auna arziki da naira, domin ta shekaranjiya ba ta yau ba ce. Tambayi tiya nawa ta gero ƙwadagon yini ɗaya ke saya a da, nawa yake saya yanzu. Tambayi mutum nawa ke cikin gandu ɗaya, wata nawa hatsin rumbu ke kaiwa, su wa ke tafiya ci-rani kuma ina.

Kada ka tsaya a zaure. Ka sa yayarka ko gwaggonka ta shiga da kai wurin tsofaffin mata, ko ta yi maka tambayoyin. Su ne suka san shekarar da kaɗi ya daina biya, da lokacin da injin niƙa ya zo, da yadda ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ke aurar da 'ya. Rahoton Joji, wato Baturen mulki, ba ya ɗauke da wannan.

Takardun fa, ina ake samun su?

Rahotannin kimanta haraji na gundumomi, waɗanda ke lissafa garuruwa da sana'o'i da dabbobi da kasuwanni, suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna; Gidan Arewa ma a Kaduna yake. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, akwai Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, don abin da ya shafi NEPU da PRP, ga kundayen ɗalibai a sashen tarihi na Jami'ar Bayero, da yawansu a kan gundumomi ɗaiɗai aka rubuta su. Ɗan Jigawa ya tuna cewa kafin 1991 babu jihar, don haka takardun Gumel da Haɗeja da Kazaure da Ringim da Dutse a ƙarƙashin Lardin Kano zai neme su. Ya tafi da tsofaffin sunayen garuruwa da na gundumomi, domin rubutun Turawan farko yakan saɓa da yadda muke rubuta su yau.